Ranar da Mzee Urassa Ya Tsallaka Titi

"Maƙwabciya, ajiye takardun nan ki riƙe mini hannu. Titi zan tsallaka."

Na ɗago kai daga kan injin hoton takardu, sai ga Mzee Urassa, wato Dattijo Urassa, tsaye a ƙofar shagona sanye da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, alhali ranar Laraba ce. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai ya zura silifa. Ya shafa mai a ka, ya taje ɗan gashin da ya rage masa.

"Ina zuwa, Mzee? Asibiti?"

"Asibiti sun gaji da ni, ni ma na gaji da su. Can za ni." Ya nuna da haɓa.

Na bi haɓar da kallo. Babu komai a tsallaken titi sai gidan kajin nan mai bangon gilashi, wanda muke kira Zakara Mai Hula saboda hoton da ke saman ƙofarsa.

"Wasa kake yi."

"Na yi miki kama da mai wasa? Kwat fa na sa."

Na ce wa ɗalibar da ke jiran in ɗinke mata kundin bincikenta ta dawo bayan la'asar. Na yafa mayafi, na ja ƙofa.

Shekara goma sha tara ke nan bango ɗaya ya raba mu, a layin da ke kallon ƙofar baya ta jami'a. Filin nasa ne. Mashayarsa a tsakiya, shagona a gefe, ɗakunan kwananmu a baya, famfo ɗaya muke ɗiba. Shi mutumin garin Moshi ne, can arewa, Kirista. Ni Mwanaidi, 'yar bakin teku ce, Musulma, mijina ya rasu tun yarana suna ƙanana. Ban taɓa zama a mashayarsa ba, shi ma bai taɓa ce mini in zauna ba. Amma kowace safiya sai kwanon mtori ya ƙetaro katanga yana tururi, romon ɗanyar ayaba da naman shanu irin na garinsu. Naman kuwa wajen mahaucin masallacinmu yake saye, don kada in yi shakka.

Da can, idan yamma ta yi, ba ka samun wurin sa ƙafa a ƙarƙashin darbejiyarsa. Ɗalibai cike da kujerun roba, ana gardamar ƙwallo da siyasa, ƙamshin gasasshen naman akuya har cikin ɗakina. Ya san sunan kowa, ya san wanda ya faɗi jarrabawa, ya san wanda budurwa ta guda. Makon jarrabawa ba ya sayar wa ɗalibi giya fiye da kwalba ɗaya, ko da za a yi masa kuka. Wanda ya bugu kuma sai ya karɓe makullin babur ɗinsa ya jefa a aljihu, sai da safe.

Shekara biyu da suka wuce kamfanin kajin ya buɗe reshensa na tara a garin nan, daidai hancinmu. Akwai na'urar sanyi, akwai intanet kyauta, akwai wurin cajin waya a kowane tebur. Yarinya za ta zauna da littafinta tun safe babu mashayin da zai ja mata kujera. Gaskiya ban ga laifin yaran ba. Kaɗan-kaɗan kujerun Mzee suka fara zama babu kowa, har Anjelina, matar da ke masa hidimar baƙi, ta daina fito da rabinsu.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Mkunde, 'yarsa tilo.

Da abin da mashayar nan ta kawo ya yi mata makaranta, har ta gama karatun kasuwanci a jami'ar da ke gabanmu. Ta dawo da shawarwari cike da baki: a sa tayil, a gyara banɗaki, a rubuta jerin abinci, a jawo intanet. Ya ce shi ba otal ya buɗe ba. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta gaji. Da kamfanin ya nemi manaja sai ta je, suka ɗauke ta. Ranar da ya gan ta ta gilashi da jar hula a ka, ya ce ta kwashe kayanta. Ta kama ɗaki a unguwar Sinza. Tun daga nan tsakaninsu sai gaisuwa a coci, ita ma a tsaye. Ko da ciwon ƙoda ya kama shi, ta wurina take tambayar jikinsa, ni kuma nake kai masa magungunan da ta sayo in ce daga asibiti ne. Ya sani, na san ya sani, amma ba mu taɓa yin maganar ba.

Muka tsaya a bakin titi. Motocin haya da 'yan acaɓa suna ta wucewa kamar an kore su. Hannunsa a nawa ba nauyi, sai sanyi.

"Kin taɓa shiga?" ya tambaye ni.

Na yi kamar motoci nake dubawa.

"Maƙwabciya, da ke nake."

"Sau biyu. Jikata ce ta matsa mini."

"Ashe da maciya amana nake kwana a gida ɗaya! To ya kika ji abincin?"

"Ai yanzu za ka ji da bakinka."

Wani direban bas ya gane shi, ya taka burki ya leƙo. "Mzee, wuce! Yau ina aka nufa da kwat, ko aure za a ƙara?"

"Uwarka zan aura, ka shirya kirana Baba!" Mzee ya mayar masa, fasinjoji suka kwashe da dariya. Titin da yaro zai tsallaka da taku goma, mu sai da muka tsaya sau biyu yana mayar da numfashi.

Mai gadi ya buɗe mana ƙofa. Sanyi ya buge mu. Mzee ya tsaya, ya ɗaga hanci.

"Wannan ai sanyin ɗakin ajiye gawa ne. Ba laifi, gara in fara sabawa."

"Haba Mzee, wane irin zance ne wannan?"

Ɗalibai sun fara juyowa. Wasu manya a cikinsu sun san shi, na ga wani ya sunkuyar da kai cikin wayarsa kamar wanda aka kama da sata. Mzee bai kula kowa ba. Ya bi layi kamar kowa, ya ƙi yarda a ba shi wuri. Da muka isa gaba, yarinyar da ke karɓar kuɗi a kanta ta yi masa murmushin da aka koya mata, ta nuna masa hotuna a sama, ta ce sai an biya kafin a kawo.

"A biya kafin a ci? To idan bai yi daɗi ba fa, 'yata?"

Yarinyar ta waiga baya. A lokacin ne Mkunde ta fito daga kicin da takarda a hannu, tana ba wani umarni. Ta gan shi. Maganar ta tsaya mata a baki.

Ta zagayo ta ɗan rusuna. "Ina gaishe ka, Baba."

"Na amsa. Abinci na zo ci. Ko sai da katin ɗalibi?"

"Likita ya hana ka mai da gishiri."

"Kin ga likita a nan?"

Ta dube ni. Na kawar da kai, don ni ma ban san dalilin zuwan ba. Ta kai mu teburin da ke nesa da na'urar sanyi, ta koma da kanta ta ɗauko tire: cinyar kaza biyu da soyayyen dankali a cikin ɗan kwali. Mzee ya naɗe hannun kwat, ya miƙa hannuwansa gaba a kan tebur, yana jira. A wurinsa haka ake yi, Anjelina ke zagayawa da buta da roba tana zuba wa baƙi ruwan ɗumi.

"Baba, famfo yana can lungu," in ji Mkunde a hankali.

Ya dubi lungun, ya dubi ƙafafunsa. Bai janye hannun ba.

Ta dubi hannuwan nasa. Sai ta juya ta shige kicin. Da ta fito, jug ne a hannunta da wata robar kwaɓa fulawa. Ta durƙusa a gefensa, a gaban ma'aikatanta da ɗalibai, ta zuba masa ruwa a hankali har ya wanke, ta miƙa masa tawul. Wurin ya yi tsit, sai waƙar da ke fita daga silin.

Ya yagi naman, ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Ni da ita muka zuba masa ido.

"Ba laifi," ya ce. "An soya da kyau. Amma kazar nan ba ta taɓa gudu ba a rayuwarta."

Dariya ta ƙwace wa Mkunde, ta toshe baki da bayan hannu. Rabona da jin dariyarta a kusa da shi har na manta.

Aka kira ta, wai wani ɗan acaɓa mai kai saƙon abinci yana faɗa a ƙofa. Ta tafi. Mzee ya ajiye cinyar, ya bi ta da kallo. Ya ga yadda ta sauke mutumin da kalma uku har ya tafi yana washe baki. Ya ga ta tsaya wajen wani tebur ta kira ɗalibi da sunansa tana tambayarsa jarrabawar jiya. A can kusurwa wata yarinya ta kifa kai a kan littattafanta tana barci, babu komai a gabanta sai kofin da ya daɗe da ƙarewa. Mai gadi ya nufe ta zai tashe ta. Mkunde ta ɗaga masa gira kawai, ya koma wurinsa.

Mzee ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Kin gani? Wannan ba a jami'a ta koya ba."

Da ta dawo ta zauna, ya sa hannu a aljihun kwat ya ciro wata doguwar ambulan da ta sha ninki. Gabana ya faɗi, don na san ta. Wata uku ke nan kamfanin ya aiko masa, suna son hayar filinsa gaba ɗaya na shekaru masu yawa, su rushe su yi wurin ajiye motocin baƙinsu. Gaba ɗaya ɗin nan har da shagona da ɗakina. Wata uku ina kwana ina tashi da abin a raina, ban iya tambayarsa ba.

Ya tura mata ambulan ɗin.

"Ba ni na sa su aiko ba, Baba. Daga babban ofis ne. Ban ma sani ba sai daga baya."

"Na sani. Ban sa hannu ba, ba kuma zan sa ba, hannuna rawa yake yi. Filin naki ne. Abin da kika ga ya dace ki yi."

Fuskarta ta canja. "Shekara biyu ba ka yi mini magana ba. Yau ka zo wurin aikina ka ɗora mini wannan a ka? In na ba su, a ce na sayar da ubana. In na hana, su ce ban san aikina ba."

"Haka ne."

"Haka ne kawai za ka ce?"

"To me zan ce, Mkunde? Da kika ce a gyara banɗaki, da na gyara. Ban gyara ba. Yanzu ba ni da lokacin gyara komai." Ya goge bakinsa da takarda. "Wurinki da tsabta. Kin iya riƙe mutane. Abin da na zo gani ke nan, na kuma gani."

Ta sunkuyar da kai, hular ta rufe mata ido. Na ga ɗigon ruwa ya faɗa kan ambulan ɗin.

"Abu ɗaya," ya ce, ya nuna ni da babban yatsa ba tare da ya dube ni ba. "Matar nan ta sha hayaniyata shekara goma sha tara ba ta kai ni ƙara ba. Ki tuna da ita."

"Mzee, ni ka cire ni a ciki," na ce.

"Ke ci dankalinki. Ai kin saba da shi."

Mkunde ce ta riƙe ɗaya hannun nasa muka tsallako da shi. A ƙofar mashaya ta tsaya, ta dubi kujeru shidan da suka rage a ƙarƙashin darbejiya, ta ce aiki na jiranta. Amma washegari da ƙarfe uku, lokacin hutunta, sai ga ta da kayan aiki a jikinta. Jibi ma haka. Takan ɗora ruwa a wuta, ta jiƙa masa ƙafafu a roba, suna faɗa a kan gishiri. Ta ɓoye gwangwanin gishirin a shagona, shi kuma ya aiko Anjelina ta roƙe ni rabin cokali. Ina jin su ta bango, wani lokaci murya ta tashi, wani lokaci shiru mai tsawo, wani lokaci su koma yaren garinsu wanda ba na ji. Maganar ambulan dai ban sake jin an tayar ba.

Ran Litinin da hantsi ina wanke kofuna a famfo, ya kira ni daga kan tabarmar da aka shimfiɗa masa a inuwa.

"Maƙwabciya, na faɗa wa Mkunde, ke ma in faɗa miki don ki zama shaida. Kada a bar ni a garin zafin nan. A kai ni gida, cikin gonar ayaba, kusa da uwarta."

"Sai ka ga jikokinka tukuna, in Allah ya so."

"Ke dai ki riƙe abin da na ce." Ya dubi ruwan da ke zuba. "Ki yafe mini kiɗan da na hana ki barci da shi. Da mashayan da suka yi miki fitsari a bango."

"Na yafe. Kai ma ka yafe mini tsakin da na yi ta yi maka."

"Ai ina ji. Tsakinki har ya fi kiɗan ƙara."

Daga ranar bai ƙara shiga kicin ba. Anjelina ce ke dafawa, shi yana daga zaune yana ba da umarni, yana cewa ta cika ruwa.

Cikin tsofaffin baƙinsa akwai wanda bai taɓa fashi ba, Farfesa Mwakalinga, wanda ya koyar da tarihi a jami'a har ya yi ritaya. Kullum da la'asar zai zo da jaridarsa a hammata, a kawo masa kwalba ɗaya, su baje allon dara da murafen kwalba, na Mzee suna kallon sama, na Farfesa a kife. Shekara ashirin suna wasan nan suna zagin juna.

Ranar Alhamis, kwana takwas da tsallaka titinmu, ina cikin ɗinke wani kundi ina jin su. Mkunde ta zo ta koma ke nan.

"Taɓa mana, tsohon banza, ko sai na yi maka lacca?" in ji Farfesa.

"Laccarka ce ta kori ɗalibai daga jami'a suka taho wurina."

Suka yi dariya. Murafe suka ci gaba da ƙara a kan allo. Can na ji Farfesa yana cewa, "Urassa, wasanka ne." Jim kaɗan ya sake cewa, "Urassa, tunanin ya isa haka." Sai shiru. Sai kuma na ji ya ɗaga murya, amma ba irin ta wasa ba.

"Mama Mwanaidi! Zo ki duba mini mutumin nan."

Ranar ce na fara taka cikin mashayar da ƙafata har wajen tebur. Yana zaune a kujerarsa, haɓarsa a ƙirji, hannu ɗaya a kan allo, yatsunsa biyu a kan murfin da zai tura. Idonsa a buɗe kaɗan, kamar mai duban wasa. Na taɓa wuyansa, na sa kunne a hancinsa. Anjelina ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta dube ni, ta saki ludayin.

Na shafa masa ido na rufe. Abin da ya zo bakina shi na faɗa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Farfesa ya cire hularsa, ya yi alamar gicciye, ya zauna yana kallon allon.

"Ni ke gaba fa," ya ce a hankali. "Yau ni ke gaba."

Anjelina ta ɗauko waya za ta kira Mkunde. Na ce ta bari. Wannan ba maganar waya ba ce.

Na tsallaka ni kaɗai. Ban kai ga ƙofa ba ta hango ni ta gilashi, tana tsaye bayan kanta. Ta ga babu mayafi a kaina, ni da ko famfo ba na zuwa haka. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta cire jar hular ta ɗora a kan tebur, ta fito.

"Mama, ya tafi?"

"Ya tafi, 'yata. A zaune, yana wasansa. Bai sha wuya ba."

Ba ta yi ihu ba. Ta kama hannuna ta matse har sai da ya yi zafi.

"Ɗazu fa ya ce gobe in zo masa da cinya ɗaya a ɓoye," ta ce. "Na ce ba zan kawo ba."

Kwana uku aka yi ana zaman makoki. Aka kafa rumfa tun daga darbejiya har bakin titi, Anjelina ta fito da dukan kujerun da ta jibge a baya, ba su isa ba sai da aka aro na coci. Ban san inda labarin ya bi ba, amma mutane suka yi ta sauka daga manyan motoci, masu tumbi da furfura, mata da maza. Wannan alƙaliya ce, wancan injiniya ne, wancan daga garin Dodoma ya kwana yana tuƙi. Kowa da labarinsa. Wani babban mutum ya tsaya a gaban jama'a ya ce a shekararsa ta ƙarshe, da mahaifinsa ya rasu ya yanke shawarar barin karatu, Mzee ne ya zaunar da shi a kicin, ya ciyar da shi har ya rubuta jarrabawa, kullum da zagi. Yana faɗa yana dariya yana share ido da hankici.

Mu mata muna baya muna fama da tukwanen shinkafa. Rana ta biyu da azahar sai ga ma'aikatan Zakara Mai Hula su bakwai sun tsallako a jere da kayan aikinsu, kowa ɗauke da kwalaye, har da mai gadi da yarinyar nan mai karɓar kuɗi. Suka tsaya a bakin rumfa suna jin nauyin shiga. Farfesa ne ya tashi ya tarbe su.

"Ku shigo, 'ya'yana. Mai gidan ya riga ya ci abincinku, ya ce ba laifi. A bakinsa wannan babban yabo ne. Ni shekara ashirin ban samu ba."

Aka jera kwalayen kusa da tukwanenmu, mutane suka ci duka biyun a faranti ɗaya.

Maganar fili sai bayan arba'in Mkunde ta yanke. Ta ba kamfanin gaban filin da mashayar, amma ta ja layi da bironta a kan shagona da ɗakunan baya da kicin, ta ce ko haka ko a fasa. Suka yi ta jan magana, daga baya suka yarda. Akwai waɗanda suka zage ta, akwai waɗanda suka ce ta yi hankali. Ni ban ce komai ba, don na ga yadda ta rame kafin ta sa hannu. Yanzu motoci ne ke kwana inda kujeru suke. Anjelina tana sayar da abincin safe ta tagar kicin, giya kuwa an daina. Farfesa ya koma wata mashaya a unguwar Mwenge, ya ce mini babu wanda ya iya dara a can.

Amma duk wannan daga baya ne. Ranar Lahadi da sassafe aka ɗora akwatin a bas ɗin da za ta kai shi Moshi, an ɗaura jan ƙyalle a madubanta biyu. 'Yan cocinsu suka cika kujeru suna waƙa a hankali. Na so in bi su, Mkunde ta roƙe ni in zauna, don kada a bar gida ba kowa. Ta rungume ni a bakin mota, ta shiga ta zauna kusa da akwatin, ta ɗora tafin hannunta a kansa. Na tsaya har bas ɗin ta sha kwanar jami'a.

Masu rumfa suka zo suka kwance kayansu. Na share tsakar gida, na tara ƙasusuwa da kwalaye na zuba a shara. Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ganye. Na zagaya baya da sauri in kwashe shanyata.

A ƙarshen igiya, bayan zannuwana, akwai rigunansa biyu da singileti ɗaya. Tun ranar Alhamis da safe Anjelina ta wanke ta shanya, cikin rikici babu wanda ya tuna da su. Sun bushe har sun yi tauri. Na cire su ɗaya bayan ɗaya, na karkaɗe, na ninke a kan hannuna. Ɗaya rigar maɓallinta na wuya ya kusa tsinkewa, yana lilo da zare ɗaya.

Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Na shiga ɗaki da kayan, na zauna a bakin gado kusa da taga inda haske yake, na ɗauko allura da farin zare.